Kano daga kan Dala: me hoto, taswira da tsirran 1851 suka shaida?

Akwai wani hoton birnin Kano da ba ya rabuwa da Facebook da WhatsApp duk sanda aka tayar da zancen tarihi. An hango garin daga tudu, soraye da bukkoki sun bazu, dabinai sun miƙe a tsakaninsu, fili ya tafi har inda ido ya gaza. A ƙarƙashinsa akan rubuta "Kano a 1851", wani ma ya ƙara da cewa gani ya kori ji. Hoton ba na bogi ba ne, tsoho ne da gaske, tun 1857 aka buga shi. Sai dai mutumin da ya zana abin da muke kallo bai taɓa sa ƙafa a ƙasar Kano ba. Kuma hoton ɗaya ne kawai cikin shaidu iri uku da matafiyan ƙarni na 19 suka bari game da birnin: akwai shi, akwai taswira, akwai bayanin itatuwa da tsirrai. Ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya fi yawo a hannun mutane shi ne mafi rauni.

Baƙon da aka sauke a Dala

Heinrich Barth Bajamushe ne, mutumin Hamburg, amma gwamnatin Ingila ce ta ɗauki nauyin tafiyarsa. Ya taso daga Tarabulus a 1850 tare da James Richardson da Adolf Overweg, suka rabu a Damargu, shi ya biyo ta Katsina ya shigo Kano ranar 2 ga Fabrairu 1851, yana amsa sunan Abdulkarim. Sarki Usman ɗan Dabo ne ke kan gado, ɗan'uwansa Galadima Abdullahi kuwa, wanda daga baya ya zama Sarki Maje Karofi, shi ke juya yawancin al'amuran gari. Aka sauke baƙon a unguwar Dala, wajen da fataken Larabawa na Gadamas suke zaune. Ya shigo da bashi a wuya, hajar da ya dogara da ita ba ta yi kuɗi a kasuwa ba, ga zazzaɓi ya kwantar da shi. A cikin wannan hali ya cika shekara 30. Da farkon Maris ya kama hanyar Kukawa.

Wato duk abin da ya tara a wannan zuwan, aikin wata ɗaya ne da 'yan kwanaki, cikin rani, a hannun mutumin da ba shi da cikakkiyar lafiya. Amma yana da abin da sauran matafiya ba su da shi. Yana jin Larabci sosai, ya koyi Hausa a hanya har yana hira da ita, kuma ba ya wuce unguwa ko itace bai tambayi sunansa ya rubuta ba. Da ya ɗan ji sauƙi sai ya riƙa hawa doki yana zaga gari da ɗan rakiya, ya kuma hau dutsen Dala ya yi ɗan zane a littafinsa.

Hannaye nawa hoton ya bi

Wannan ɗan zane na fensir shi ne asalin hoton. Barth bai koma Turai ba sai 1855, bayan ya je Adamawa da Bagirmi da Tambutu, ya sake ratsowa ta Kano a ƙarshen 1854. Da aka zo buga littafinsa mai juzu'i biyar, a Landan da Ingilishi da kuma a Gotha da Jamusanci tsakanin 1857 da 1858, sai aka miƙa zane-zanensa ga wani ƙwararren mai zane na birnin Munich, Johann Martin Bernatz. Shi ne ya mai da su cikakkun hotuna, aka ɗora su a kan dutsen bugu, aka ba su launi. Bernatz ya san Falasɗinu, ya kuma zauna a Habasha a farkon shekarun 1840. Ƙasar Hausa kam bai gan ta ba.

To me za a amince da shi a ciki? A ganina, tsarin gaba ɗaya: cewa soro da bukka suna cakuɗe, cewa itatuwa suna da yawa a tsakanin gidaje, cewa gari bai cika ganuwarsa ba. Waɗannan daga idon Barth suka fito, kuma rubutunsa ya goyi bayansu. Amma siffar kowane itace, tsayin kowane soro, hasken rana da inuwa, wannan aikin mutum ne da ke zaune a ɗakinsa a Jamus yana cike gurbi da abin da idonsa ya saba gani a wasu ƙasashe. Haka al'adar buga littattafan tafiya take a wancan zamani, ba ha'inci ba ne. Sai dai wanda ya ɗauki hoton ya ce ga gidan kakansa can, ko ya ƙirga dabinai ya fitar da lissafi, ya ɗora wa hoton kayan da ba zai iya ɗauka ba.

Abin da ya fi hoton amfani shi ne shafin da Barth ya bayyana garin a rubuce. Ya ambaci gidajen ƙasa da bukkoki da rumfuna, da filaye kore inda shanu da dawaki da raƙuma da jakuna da awaki suke kiwo. Ya ambaci kududdufai masu zurfi da kainuwa ta rufe, da sababbin ramuka da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini. Sannan ya jero itatuwan da suka burge shi: gwanda, dabino, alilliba, da rimi. Duk wanda ya tashi a cikin birni zai gane wannan wuri, ko da bai tarar da shi haka ba. Ramin da aka ɗebi ƙasa aka yi tubali, shi ne damina ke cikawa ya zama kududdufi, shi ke shanye ruwan unguwa, a gefensa yara ke kamun tarwaɗa. Gini da ruwa tare suke haifar juna a tsohon Kano.

Taswira da lissafin da bai zo ɗaya ba

Shekara 27 kafin Barth, Hugh Clapperton ya shigo Kano ranar 20 ga Janairu 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Hafsan jirgin ruwa ne ɗan Sikotilan, ya caɓa ado da kakinsa don ya burge mutanen gari, ya kuwa rubuta da kansa cewa ba wanda ya ko ɗaga kai ya dube shi, kowa na harkar gabansa. Shi ya fara ba da lissafi: ganuwa kimanin mil 15 a kewaye, tsayinta ƙafa 30, ƙofofi 15, mutane tsakanin 30,000 da 40,000. Barth ya ce mazauna 30,000 ne, amma daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin da ayari ke sauka, sukan kai 60,000. Bayan Turawa sun ci garin ranar 3 ga Fabrairu 1903, Lugard ya rubuta mil 11 da ƙofofi 13.

Mil 15 da mil 11 ba ƙaramin bambanci ba ne, kuma ganuwar ba ta tsuke a tsakani ba. Yadda aka auna ne ya bambanta. Matafiyi na kan doki yana duba agogo da kamfas, ya ƙiyasta saurin dabbarsa, ya ninka da lokacin da ya ɗauka. In dokin ya yi sanɗa a cikin yashi, ko an tsaya gaisawa da mai tsaron ƙofa, sai lissafi ya kumbura. Clapperton ya iya auna rana da taurari, shi ya sa nisan Kano daga layin da ya raba duniya kudu da arewa da ya bayar, digiri 12 arewa, ya zo daidai da na yau. Matsayin garin ta gabas da yamma kuwa ƙiyasi ya yi tun daga Kukawa, ya ajiye Kano a digiri 9 da minti 20, alhali tana wajen digiri 8 da rabi. Ya tura birnin gabas da kusan kilomita 90. Barth ma da kamfas da agogo ya yi aiki, masanin taswira August Petermann ne ya tattara bayanansa ya fitar da manyan taswirorin littafin.

Duk da haka taswirar birni da Barth ya bari ita ce shaida mafi ƙarfi cikin ukun, ba don awonta ba, sai don sunayen da ke cikinta. Ya sa Dala da Goron Dutse, ya sa kasuwa da gidan sarki, ya ja rafin Jakara ya raba gari, ya jero ƙofofi da unguwanni da sunayensu kamar yadda aka faɗa masa. Rubutunsa na Hausa ya ɗan karkace, kunnen Bajamushe ne, amma Bakano zai gane su. Waɗannan sunaye ba Barth ya ƙirƙiro su ba. 'Yan rakiya da masu masauki da mutanen kasuwa ne suka ba shi, mutanen da ba a rubuta sunayensu a bangon littafin ba. Ilmin na 'yan gari ne, baƙo ya zuba shi a takarda.

Ba kuma Turawa kaɗai ke zana ƙasa a lokacin ba. A Sakkwato cikin 1824 Clapperton ya karɓi taswira daga wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka buga ta a Landan a 1826. Ta nuna kogin Kwara ya nufi gabas wajen Masar, ba teku ba. Wasu masana tarihi na ganin da gangan aka yi haka, don kada a nuna wa baƙi hanyar shigowa ta ruwa. Ko mene ne dalili, mai zana taswira yana da abin da yake so a gani.

A kan abu ɗaya dai Clapperton da Barth ba su saɓa ba. Clapperton ya ce gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ganuwa ta kewaye ba, sauran gonaki ne da lambuna. Taswirar Barth ta tara mazauna a kudu maso gabas, daga gindin Dala zuwa ganuwa, yamma da arewa kuwa fili ne. Ya kuma fahimci dalili: in abokan gaba suka yi wa gari zobe, a samu inda za a yi noma da kiwo a ciki. Tsohon littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ganuwa, aka faɗaɗa ta zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15 da Muhammadu Nazaki a ƙarni na 17. Masu faɗaɗawar ba gidaje kawai suke karewa ba. Ƙasar noma da ruwa da itatuwa suke shigarwa ciki.

Ganyen da bai iso ba

Ta fuskar tsirrai, Kano ta yi rashin sa'a tun farko. Wanda ya san ilmin a tawagar Clapperton shi ne likita Walter Oudney, shi ke tsinkar ganye da fure yana matse su a takarda su bushe. Ya rasu ranar 12 ga Janairu 1824 kusa da Katagum, kwana takwas kafin abokinsa ya shiga Kano. Tarin da ya isa Landan ya kai iri 300 ko kusa da haka, amma yawancinsa daga Tarabulus da Fezzan da Barno ne. Na ƙasar Hausa bai kai 20 ba. Robert Brown, babban masanin tsirrai na Ingila a lokacin, shi ya nazarce su, a cikin wannan nazari ne ma ya ba dangin ɗorawa sunan Parkia don tunawa da matafiyi Mungo Park. Itacen da matan karkara ke yin daddawa da kalwarsa tun kafin a san Bature, sai ya shiga littafin kimiyya da sunan wani matafiyi.

Busasshen ganye yana da wata daraja da hoto ba shi da ita: ana iya ciro shi daga ma'ajiya bayan shekara 200 a sake dubawa, a gyara sunan da aka ba shi in an yi kuskure. Amma dole sai an tsinko shi tukuna, kuma ga birnin Kano na ƙarni na 19 abin da ke hannu sunaye ne a rubuce fiye da ganye a takarda. Barth ba masanin tsirrai ba ne, amma da yake da Hausa yake rubuta sunayen, an samu damar fassara su daga baya. Wanda ya buɗe wannan ƙofa shi ne J. M. Dalziel, likitan gwamnatin mulkin mallaka da ya yi aiki a Katagum da Sakkwato da Yola. A 1916 ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, ya haɗa kowane suna da na kimiyya, a 1937 kuma ya fitar da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Da wannan ƙamus ne alillibar Barth ta zama itacen da masani a kowace ƙasa zai gane. Ararraɓi ma sunan Dalziel yake ɗauke da shi a kimiyyance har yau.

Jerin Barth yana magana ta hanya biyu, da abin da ya ƙunsa da abin da babu. Gwanda asalinta nahiyar Amurka ne, amma a 1851 ta riga ta zama 'yar gida a tsakar gidajen Kano, wanda ya nuna nisan da fatauci ya kai. Darbejiya kuwa babu ita a jerin, domin ba ta zo ba tukuna. Daga Indiya take, a 1928 aka fara dasa ta a Barno, daga nan ta bazu. Itacen da yau ya mamaye titunan Kano da makarantu da maƙabartu, wanda yaro zai rantse tun zamanin Bagauda yake nan, jirgin ƙasa ma ya riga shi zuwa gari.

Birnin kuma yana da nasa kundin tsirrai, wanda bai jira Oudney ko Dalziel ba. Rimin Kira, Durumin Iya, Cediyar 'Yan Gurasa, Kukar Bulukiya, kasuwar Rimi, a waje kuma Kurna da Giginyu da Tsamiyar Boka. Kasuwar Kurmi kanta a inda kurmin Jakara yake aka kafa ta, wurin da Tarihin Kano ya ce mutanen farko suna girmamawa. A wurare da dama itacen ya faɗi ko an sare shi, unguwar ta ci gaba da amsa sunansa. In aka ɗora waɗannan sunaye a kan taswirar Barth, za a samu hoton itatuwan birni da ya fi na Bernatz gaskiya.

Abin da ya zo daga baya ya gwada su

Shaidar matafiyi ba ta tsayuwa sai an samu abin gwada ta, kuma ƙarni na 20 ya kawo shi. Makarantar da Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa a 1909 ta koyar da awon ƙasa, malaman taki kuma suka riƙa auna gonaki don haraji. A makarantar nan Dorugu ya koyar, yaron nan ɗan Damagaram da ya bi Barth har Tambutu da Landan, a Kano kuma ya rasu a 1912. Daga baya jirgin sama ya shigo cikin lamarin. A ƙarshen 1930 matuƙi ɗan Suwizalan Walter Mittelholzer ya ratso ta Kano a hanyarsa ta tafkin Cadi, ya ɗauki garin daga sama. Hotunan suna ɗakin karatu na jami'ar fasaha ta Zurich, kowa na iya ganinsu a intanet. Wannan kyamara ce, ba hannun mai zane ba, kuma ta nuna abin da Barth ya faɗa shekara 80 kafin nan: gidajen ƙasa a cunkushe, kududdufai warwatse a tsakaninsu.

A wajen ganuwa ma an gwada wani zato. An daɗe ana cewa birni mai cin itacen girki kamar Kano dole ya aske karkarar da ke kewaye da shi. Michael Mortimore da abokan aikinsa na Jami'ar Bayero sun ƙirga itatuwan gona, suka gwama hotunan sama na shekaru daban-daban, suka fitar da sakamako a 1990. Suka tarar manoman da ke kusa da birni ba su ƙarar da itatuwansu ba. Suna sassabe reshe, suna barin ɗorawa da tsamiya da kuka da gawo su tsaya, domin kowannensu yana da mai shi kuma yana kawo kuɗi. Inda itace ya fi shan gatari shi ne daji mai nisa da ba na kowa ba.

Amfaninsu a rigimar yau

Dalilin da ya sa wannan nazari bai tsaya a sha'awar tarihi ba shi ne halin da cikin birni yake ciki. An sa ganuwar Kano a jerin wuraren da Najeriya ke neman UNESCO ta amince da su tun 2007, amma a wurare da yawa ta zama tudun shara, ko an yanka ta an yi shago, ko an kwashe ƙasarta an yi bulo. An rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi, aka sake gina wata. Kududdufai kuwa ana cike su da bola, in sun daskare a yanka fuloti. Ruwan da suke shanyewa bai daina sauka ba, sai dai yanzu cikin ɗakunan mutane yake neman wuri duk Agusta.

Idan gardama ta tashi kan ko wani wuri da can tafki ne ko hanyar ruwa, ko inda ganuwa ta bi, akan ga mutane sun ɗauko hoton 1851 su kafa hujja da shi. Ba zai yi wannan aiki ba. Taswirar Barth za ta tabbatar da cewa unguwa kaza tana nan da sunanta zamanin Sarki Usman, da kuma ɓangaren Jakara da take, amma ba za ta raba iyakar fuloti ba, kuskuren awonta ya fi faɗin unguwa guda. Iyaka sai taswirorin awon ƙasa na zamanin En'e da hotunan sama, waɗanda ake iya ɗora su kan na tauraron ɗan'adam a ga kududdufin da ya ɓace da shekarar da ya ɓace. Tsofaffin takardun aikinsu shi ne su nuna cewa ruwa da fili da itace a cikin ganuwa tsari ne, ba sakaci ba ne da ci gaba ya zo ya gyara.

Akwai aikin da ɗaliban nazarin ƙasa na Bayero ko na jami'ar Wudil za su iya yi ba tare da kuɗi mai yawa ba. A ɗauki jerin unguwannin Barth da ƙamus ɗin Dalziel, a bi masu unguwanni da dattawa ɗaya bayan ɗaya. "Baba, rimin nan a ina yake tsaye? Kududdufin bayan masallaci, wa ya cike shi, zamanin wane sarki?" A sa kowace amsa a kan taswirar waya, da sunan wanda ya faɗa in ya yarda. Waɗanda suka yi wanka a kududdufan nan suna yara, suka ci 'ya'yan alilliba a bakinsu, yanzu sun haura 70.